Gudawa A Ƙasar Mubi: Ƙwayar Cutar Da Ke Zuba Dafi A Hanjin Mutum Da Na Dabba

Digil ɗaya ce daga cikin gundumomi 11 na Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa a Jihar Adamawa, kuma kamar sauran ƙasar Mubi, wuri ne na noma da kiwo. Tun zamanin da Mubi take hedkwatar Lardin Sardauna an san wannan yanki da tara jama'a iri-iri, Fulani da Fali da Gude da Margi da Hausawa 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, kowa da irin abincinsa da irin dabbar da yake kiwo. Wani gida shanu ne a turke, wani tumaki da awaki, wani kuwa aladu. Amma duk bambancin nan, da zarar ruwan farko ya sauka wajen watan Mayu ya wanke bayan gari ya gangara da ƙazanta cikin rafuka da rijiyoyin da ba su da murfi, ciwo ɗaya ne yake shiga gidajen: gudawa.

Mutanen Mubi ba sa bukatar a ba su labarin wannan masifa. Cikin Mayun 2018 cutar kwalara ta ɓarke a Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu, kafin watan ya ƙare an ƙidaya mutum sama da 400 da ake zaton sun kamu, fiye da 10 kuma suka riga mu gidan gaskiya. Babban Asibitin Mubi ya cika da majiyyata, har sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta aiko da ma'aikatanta don taimaka wa gwamnatin jiha. Ita kwalara tana zuwa ne da gangami, kowa ya ji sunanta ya firgita. To, amma tana da 'yar'uwa wadda ba a buga mata ganga, alhali kuwa shekara da shekaru tana ɗauke ƙananan yara ɗaya bayan ɗaya, tana kuma kashe 'yan maruƙa da 'ya'yan aladu a wurin masu kiwo. Wannan ita ce nau'in ƙwayar E. coli mai zuba dafi a hanji, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da ETEC.

Yadda Aka Gano Ta

Wani likitan yara Bajamushe mai suna Theodor Escherich shi ne ya fara bayyana ƙwayar E. coli cikin 1885, bayan ya same ta a kashin jarirai. Ƙwaya ce da take zaune a hanjin kowane mutum mai lafiya da kuma na dabbobi, galibinta ba ta cutar da kowa. Saboda haka ne aka daɗe ba a zarge ta da laifi ba, domin idan an duba kashin mai gudawa an gan ta, an duba na lafiyayye ma za a gan ta.

Cikin 1956 wani masani a birnin Kalkata na ƙasar Indiya, Sambhu Nath De, tare da abokan aikinsa, suka ɗauki E. coli daga majiyyatan da suke da alamun kwalara amma ba a sami ƙwayar kwalara a jikinsu ba, suka sa ta a hanjin zomo, sai hanjin ya cika da ruwa. Duniya ba ta mai da hankali ga wannan bincike ba a lokacin. Waɗanda suka buɗe asirin sosai likitocin dabbobi ne, domin a ƙasashen Turai masu kiwon aladu suna ta hasarar 'ya'yan dabbobinsu ta hanyar zawo. A Ingila, H. Williams Smith da Sheila Halls suka nuna cikin 1967 cewa akwai irin E. coli da take fitar da dafi a hanjin alade da maraƙi da ɗan rago. Zuwa 1970 Smith da Carlton Gyles sun tabbatar da cewa dafin iri biyu ne. Sa'an nan cikin 1971 Bradley Sack da abokansa suka buga sakamakon aikin da suka yi a Kalkata, wanda ya tabbatar da cewa irin wannan dafi yana kwantar da manyan mutane da gudawa mai tsanani wadda ido ba ya iya rarrabe ta da kwalara. Watau dai ilmin da ake ceton yara da shi a yau, wani kaso mai yawa nasa daga likitocin dabbobi ya fito.

Yadda Dafin Yake Aiki

A kowace rana ruwa kimanin lita 8 zuwa 9 ne yake bi ta hanjin baligi, idan an haɗa wanda ya sha da yawu da sauran ruwan da jiki yake zubawa don narkar da abinci. Aikin hanji shi ne ya tsotse kusan dukkan wannan ruwa ya mayar cikin jini. Idan ƙwayar ETEC ta shiga ciki ta hanyar ruwa ko abinci, sai ta manne a bangon ƙaramin hanji da wasu 'yan siraran gasu da suke jikinta, ta hayayyafa, ta shiga zuba dafi. Ba ta huda hanjin, ba ta kuma shiga jini, shi ya sa galibi ba a ganin jini a kashin, zazzaɓi ma ba ya yin tsanani. Abin da dafin yake yi shi ne ya juya aikin hanji: maimakon tsotsewa, sai bangon hanji ya riƙa tura gishiri waje, ruwa kuma ya bi gishirin. Nan da nan mutum ya shiga zawo kamar an buɗe famfo.

Dafi na farko zafi yana lalata shi, kuma a ƙirarsa ya yi kama da dafin kwalara da wajen kashi 80 cikin 100, aikinsu ma iri ɗaya ne. Na biyu ƙarami ne ƙwarai, yana jure tafasa ta rabin sa'a. Kada wannan ya sa a ɗauka tafasa ruwa ba ta da amfani. Ƙwayar tana yin dafin ne bayan ta zauna a hanji, tafasa kuwa tana kashe ita ƙwayar tun kafin ta isa can.

Ciwon yakan bayyana kwana 1 zuwa 3 bayan an ci ko an sha abin da ya gurɓata, yakan kuma lafa da kansa cikin kwana 3 zuwa 5. Baligi mai ƙarfi yakan jure. Amma jaririn da nauyinsa bai wuce kilo 7 ko 8 ba, ruwan jikinsa kaɗan ne, yini ɗaya na zawo da amai ya isa ya ƙarar da shi. Abin da yake kashewa ke nan, ƙarewar ruwa da gishirin jiki. Yaron da ya tsira kuma, idan ciwon yana komo masa sau da yawa a shekara, yakan rame ya tsumbure, tamowa ta sami ƙofa.

Wani babban bincike da aka gudanar a wurare bakwai, a Gambiya da Mali da Kenya da Mozambik da Indiya da Bangaladash da Pakistan, wanda aka buga cikin 2013, ya nuna cewa ƙwayoyi huɗu ne suke haddasa mafi yawan gudawa mai tsanani ga yara 'yan ƙasa da shekara 5. Ita ETEC mai dafin da ke jure zafi tana cikin huɗun nan, tare da rota da Shigella da Cryptosporidium. Matsalar ita ce awon kashi na yau da kullum ba ya bambanta ta da E. coli ta gida, sai da na'urar da take gano ƙwayar halittar dafin, wadda ba kasafai ake samunta a asibitocin karkara ba. Don haka yawancin waɗanda ta kwantar, a takarda gudawa kawai ake rubutawa.

Shin Daga Alade Ake Ɗauka?

A wuri irin ƙasar Mubi, inda mai kiwon alade da wanda addininsa ya haramta masa shi suke maƙwabtaka, suna ɗiban ruwa a rafi ɗaya, wannan tambaya tana da nauyi, kuma wajibi ne a amsa ta bisa gaskiya. Gasun da ƙwayar take mannewa da su kamar mabuɗi ne da kuba, kowane iri da hanjin da yake kamawa. Na alade, waɗanda masana suke kira F4 da F6 da F18, suna kama hanjin alade. F5 yana kama na maraƙi da ɗan rago da ɗan alade sabon haihuwa. Na mutum kuwa dabam ne, an gano na farkonsu cikin 1975 daga wata ƙwaya da aka samo a jikin wani majiyyaci a Bangaladash, daga baya aka gano wasu fiye da 20. Saboda haka ETEC ta alade ba ta samun wurin zama a hanjin mutum bisa al'ada, ta mutum ma haka. Har a cikin aladun akwai waɗanda suka gaji hanjin da F4 ba ya iya kamawa, ba sa yin ciwon ko da an ba su ƙwayar.

Ma'anar wannan ita ce, yaron da ETEC ta kwantar, daga kashin ɗan Adam ɗan'uwansa ya samo ta: ta ruwan rijiya da masai ya tsiyaye a ciki, ta hannun da bai ga sabulu ba, ta ƙudan da ya tashi daga juji ya sauka a kwano. Wanda ya ɗora laifin a kan dabbar maƙwabcinsa ya bar masansa a buɗe, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Amma fa wannan bai wanke kashin dabba ba. Akwai wani reshe na E. coli mai fitar da dafin da ake kira Shiga, wanda mazauninsa hanjin shanu da tumaki da awaki ne, ba ya sa su ciwo, amma idan ya shiga mutum yakan kawo atuni, wani lokaci ya lalata ƙodar yara. An fara gane shaharar wannan iri, O157, a Amurka cikin 1982 ta hanyar naman shanun da bai gasu ba, kuma cikin 1992 ya yi mummunar ɓarna a Suwazilan lokacin fari, sa'ad da mutane da shanu suka dogara ga ruwa ɗaya. Garin da yake da babbar kasuwar shanu irin ta Mubi, wadda ake kawo mata dabbobi daga Kamaru da Cadi, tilas ne ya kula da inda ruwan turke da na mahauta yake gangarawa, da kuma dafa madara kafin a sha. Hukunci ɗaya ne ga kowace dabba, ta halal da wadda ba ta halal ba: a nisanta kashinta da ruwan sha.

Lokacin Yaye

Abin lura a wannan ciwo shi ne lokacin da ya fi kamu. Maraƙi yakan kamu ne a kwanakinsa na farko, musamman idan bai sha dakashi isasshe ba. Ɗan alade yakan kamu a makon haihuwa, sa'an nan ya sake shiga hatsari cikin makonni biyu bayan an raba shi da uwarsa. Ɗan mutum kuma ya fi kamuwa daga lokacin da aka fara ba shi kunu da ruwa har zuwa shekara 2. Dalili ɗaya ne. Nonon uwa yana ɗauke da garkuwar da take hana ƙwayar mannewa a hanji, ranar da aka rage shi aka kawo wani abinci, garkuwa ta ragu, ƙofar shigar ƙwaya kuma ta ƙaru.

Wannan lokaci ya yi daidai da fitowar haƙori, shi ya sa iyaye da kakanni suke cewa zawon haƙori ne, zai wuce. Haƙori ba ya sa zawo. Yaron ne ya fara rarrafe, yana kai kome baki, ana kuma ba shi kunun da aka dama tun safe. A cikin ɗumi ƙwayar E. coli tana iya ninkuwa kowane minti 20, kuma da yake sai an haɗiyi miliyoyinta kafin ciwon ya kama, kokon da ya yini a buɗe a lokacin bazara shi ne gonarta. Haka nan al'adar matse dakashi a zubar, wai ƙazanta ne, tana hana jariri rigakafinsa na farko. Makiyayi ya san maraƙin da bai sha dakashi ba ba ya ƙarko, kuma hukuncin bai canza ba a kan ɗan mutum. Shawarar likitoci ita ce a sa jariri a nono cikin sa'a ta farko, a ba shi nono zalla har wata 6, a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2.

Gishiri Da Sukari

Rahamar da ke cikin lamarin ita ce dafin bai rufe dukkan ƙofofin hanji ba. Akwai wata ƙofa da take shigar da gishiri idan ya zo tare da sukari, ruwa kuma ya biyo su, kuma wannan ƙofa tana aiki ko ana tsakiyar zawo. A kan wannan ne aka gina ruwan gishiri da sukari. Cikin 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta faɗa wa sansanin 'yan gudun hijira a Bangaon, ruwan ƙari ya ƙare, sai Dokta Dilip Mahalanabis ya sa dangin majiyyata su riƙa ba su wannan haɗi da kofi. Mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. A Nijeriya, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya daga 1985 zuwa 1992 ne aka yayata shi a rediyo da asibitoci har ya shiga ƙauyuka.

Abin da ya fi shi ne ƙunshin ORS da ake samu a asibiti da kemis, a zuba ƙunshi ɗaya cikin adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, galibi lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. Idan babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1. Kada a ƙara gishiri da ganin dama, yawansa hatsari ne. Yaron da bai kai shekara 2 ba a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane zawo, wanda ya fi haka rabi zuwa kofi guda, kaɗan-kaɗan da cokali. Idan ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini a zubar a haɗa sabo. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ƙara da ƙwayar zinki, miligiram 20 a rana har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Ba a tsai da nono, ba a hana abinci.

Idan idanun yaro suka zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ya ƙi sha ko ya kasa, ya yi laushi, ko aka ga jini a kashinsa, to zaman gida ya ƙare, sai asibiti ko da tsakar dare ne, ana tafe ana ba shi ruwan.

Hatsarin Shan Magani Barkatai

Da yawa daga iyaye, da ganin zawo sai kemis, a sayo filajil ko kafson tetirasaikilin. Filajil ba ya taɓa E. coli ko kaɗan, kuma yawancin zawon ruwa ba ya bukatar maganin kashe ƙwayoyi, sai inda likita ya ga dalili, kamar atuni ko kwalara mai tsanani. Masu kiwo ma haka suke yi, suna zuba magani a ruwan kaji da abincin dabbobi ba tare da awo ba.

A nan ne ciwon mutum da na dabba suke haɗuwa na haƙiƙa. Ko da ƙwayar alade ba ta zama a hanjin mutum, ƙwayoyin suna musayar wasu 'yan ƙullin gado a tsakaninsu, kuma ta wannan hanya ce dabarar jure magani take yaɗuwa. Cikin 2015 masana a ƙasar Sin suka ba da sanarwar gano E. coli a jikin aladu wadda take jure kolistin, maganin da likitoci suke ajiyewa don ranar da sauran suka gaza, kuma aka sami irin wannan gado a jikin majiyyata. Ba a daɗe ba aka gan shi a nahiyoyi da dama, Afirka na ciki. Cikin 2017 ƙasar Sin ta hana zuba kolistin a abincin dabbobi don ƙiba. Maganin da aka ɓarnatar a turke yau, shi ne zai ƙi aiki a gadon asibiti gobe.

Ga mai kiwo, abin da likitocin dabbobi suke horo da shi bai da tsada: dakashi cikin sa'o'in farko, makwanci busasshe mai ɗumi, ware mai ciwo, ba shi ruwan gishiri da sukari irin na dabbobi, da yin yaye sannu a hankali. Akwai allurar rigakafi da ake yi wa uwar dabba tana da ciki don garkuwar ta bi ta nono. Ɗan Adam kuwa har yanzu ba shi da rigakafin ETEC da aka amince da shi, ko da yake an gwada wani mai suna ETVAX a Bangaladash da Zambiya da Gambiya. Rigakafin rota da Nijeriya ta shigar cikin jerin alluran yara a Agustan 2022 yana da matuƙar amfani, amma wata ƙwaya dabam yake tarewa.

Aikin Da Ke Gaban Hukuma Da Jama'a

Tun da babu allura, rigakafin ya koma ga ruwa da masai. Binciken Gwamnatin Tarayya na 2021 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 48 ne suke bahaya a fili a ƙasar nan, a shekarar da kwalara ta kama sama da mutum 111,000 ta kashe fiye da 3,600. Cikin 2019 gwamnati ta sa wa kanta wa'adin kawar da wannan ɗabi'a kafin ƙarshen 2025, wa'adin da bai cika ba. Amma Jihar Jigawa, wadda aka ayyana cikin 2022 a matsayin ta farko da ta rabu da bahaya a fili, ta nuna cewa abin mai yiwuwa ne idan sarakuna da malamai da hukuma suka sa hannu tare.

Ƙasar Mubi tana da nata nauyin na musamman, domin tun bayan da 'yan Boko Haram suka mamaye garin a ƙarshen Oktoban 2014 aka kuma fatattake su cikin Nuwamba, ta karɓi jama'a masu yawa da rikici ya koro daga garuruwan da ke arewa da ita, bukatar ruwa ta ƙaru. Duk da haka tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi: Jami'ar Jihar Adamawa, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, da makarantar horar da ma'aikatan lafiya, dukkansu a cikin gari. Ya kamata ƙananan hukumomin Mubi biyu su haɗa kai da waɗannan makarantu a riƙa auna ruwan rijiyoyi da na 'yan garuwa a gundumomi irin su Digil kafin kowace damina, a zuba kulorin inda ya kamata, a kuma tabbatar ORS da zinki ba sa yankewa a ƙananan asibitoci.

Su kuma magidanta, nasu aikin a bayyane yake. A haƙa masai nesa da rijiya da aƙalla mita 30, ta gangaren ƙasa, a yi masa murfi. A ɗaga bakin rijiya a rufe ta, a ware mata guga ɗaya wanda ba a ajiye shi a ƙasa. Turke da ɗakin dabbobi, kowace iri ce, su kasance nesa da ruwan sha. Kashin jariri a zuba shi a masai, domin ya fi na babba ɗaukar ƙwayoyin zawo. A wanke randa, a rataye moɗa, a wanke hannu da sabulu ko toka bayan kewayawa da kafin dama kunun yaro. Masu unguwanni da limamai da fastoci su ne suka fi kowa sanin gidan da ba shi da masai da rijiyar da ba ta da murfi a unguwarsu, kuma lokacin yin magana a kai shi ne rani, tun kafin hadari ya haɗu a kan duwatsun Mandara.